Makin Baba Ya Saɓa wa Kansa

A hukumar shirya jarrabawa, ofishin Auta shi ne na ƙarshe a hawa na biyu, daf da inda ake jibge karyayyun kujeru. Tebur ɗaya ne a ciki, da kwamfuta biyu, da wata fanka mai juyawa tana kuka kamar mai ciwon wuya. Aikinta ƙididdiga. Ba ta koyar da kowa, ba ta duba takardar ɗalibi ko ɗaya. Masu dubawar take dubawa. Abokan aiki kan tsokane ta da "mai awon ma'auni", ba ta kuwa jin haushi, don gaskiya suka faɗa.

Duk shekara in an gama jarrabawar fita sakandare, akan tara malamai a babban zauren da ke ƙasan ginin su yi makin insha'i. Shi insha'i ba lissafi ba ne mai amsa ɗaya, abin da ya burge wannan malami yana iya gundurar wancan. Saboda haka akan zaɓi takardun wasu ɗalibai a yi kwafinsu, a cusa cikin ƙunshin kowane mai maki a farkon aiki, a kuma sake cusa su can wajen ƙarshe, ba tare da an gaya masa ko waɗanne ne ba. Daga nan sai Auta ta auna abu biyu: yadda makin mutum ya tafi tare da na abokan aikinsa, da yadda makinsa na biyu ya tafi tare da na farko. Lamba ce ke fitowa. In ta matsa kusa da ɗaya, hannun mutum tsayayye ne. In ta gangara wajen sifili, to makinsa da jefa ƙuri'a duk ɗaya ne.

Mahaifinta na cikin masu makin. Tsohon malamin harshe ne, ya daɗe da yin ritaya daga aji, amma hukumar ba ta taɓa sakinsa ba. A zauren Malam Babba ake kiransa, kuma rabin masu zama a teburan nan shi ya koya musu riƙe jan biro. Tun da Auta ta fara aiki lambarsa ce ke kan gaba, kullum sifili da ɗigo tara ko sama da haka. Takan je gida ta gaya masa, shi kuma ya kaɗa kai ya ce, "Ke dai kin ci amanar gida. Na koya miki karatu, kin dawo kina auna ni kamar hatsi." Amma in ta juya baya takan ji shi yana maimaita wa Mama lambar.

Bana, da lambobin suka fito wata safiya, ta Baba sifili ce da ɗigo biyu.

Dariya Auta ta fara yi. Ta tabbata mai shigar da maki ne ya haɗa layin wani da na wani, don ya saba. Ta sake lissafin, lambar ba ta motsa ba. Sai ta ce a ranta, wataƙila tsufa ya ƙara masa tsanani, ya koma yana matse wa yara maki. Amma ita ta fi kowa sanin wannan ba hujja ba ce. In mutum ya rage wa kowane ɗalibi maki biyar, na gaba yana nan a gaba, na baya yana nan a baya, lambar ba za ta faɗi ba. Mai tsanani da mai sassauci duk suna iya samun ɗigo tara. Abin da ke kada lamba shi ne a ɗaga takarda yau a kayar da ita gobe.

Ta sauka ɗakin ajiya ta sa aka zaro mata takardun da kansu. Babu kuskuren mai shigarwa. Ga rubutun Baba nan, mai kwanciya gefen dama, wanda ta sani tun tana leƙen littattafan ɗalibansa a kan tabarma. A wata takarda, da farko ya ba da maki mai yawa, har ya rubuta a gefe cewa wannan yaro ya iya buɗe zance. A kwafi na biyu na takardar nan dai, ya ja layi a kan sakin layin da ya yaba, ya rubuta cewa shirme ne. Wata kuma ya tsallake shafi guda cur bai taɓa shi ba. Auta ta nemi kwali ta zauna a kai.

Da ta tashi, zauren maki ta nufa, ta tsaya daga bakin ƙofa. Zafi, da warin takarda, da ƙarar buɗe shafi ta ko'ina. Baba na kan teburin gaba da farar rigarsa, tabarau a kan hanci, zaune tsaf kamar kullum. Ta daɗe tana kallonsa. Ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi taga, ya dawo da ido kan takardar, sai ta ga yana bin shafin da yatsa yana neman inda ya tsaya. Malamar da ke zaune kusa da shi, wadda tsohuwar ɗalibarsa ce, ta miƙo hannu ba tare da ta dube shi ba, ta nuna masa wurin da gindin bironta. Yadda ta yi shi cikin sauri da sabo, shi ya fi tayar wa Auta hankali. Ashe ba yau aka fara ba.

Da aka tashi aiki ba ta wuce gidanta ba, gidan iyayenta ta biya. Baba ya tsaya hira a waje, Mama na kicin tana wanke kofuna.

"Mama, wai Baba lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Mama ba ta juyo ba. "Me kika gani?"

"Ni na fara tambaya."

"To lauya." Ta ɗauraye kofi ɗaya, ta sake ɗauraye shi. Can ta kashe famfo, ta goge hannu da gefen zani. "Kwanakin baya na aike shi, wato shi ya ce zai sayo burodi a shagon kan kwana. Shiru, shiru. Sai ga tela ya riƙo shi, wai ya gan shi tsaye a bakin titi yana dube-dube. Da ya shigo cewa ya yi an canja fentin gidaje. Rannan kuma ya ce in kira masa ƙaninsa a waya."

"Kawun da ya rasu?"

"Muna da wani ne?"

"Mama! Shi ne ba ki gaya wa kowa ba?"

"In gaya wa wa? In ce me? Mutumin da in ya ji na yi kuskuren kalma a waya sai ya gyara min a gaban baƙi?" Ta juyo ta dubi Auta. "Aikin nan na zauren shi ke tashinsa da safe. Tun ana saura wata guda yake sa in goge masa riguna. Na ce a raina, bari dai ya gama na bana."

Washegari da rana Auta ta je wurin Yaya, babban wansu, a shagonsa na kayan gyaran mota. Ya kaɗe mata ƙura daga kan benci, ya saurare ta yana juya wani ƙarfe a hannu. Da ta gama ya ce, "Wa ya gani ban da ke?"

"Babu. Sai na miƙa rahoto."

"To shi ke nan. Ki gyara lambar."

"Yaya, ba a gyara ta. Fitowa take yi."

"Ke kika sa ta fito, ke za ki mai da ita. Takarda nawa ma kika auna? Talatin? A cikin dubbai? Mutum ba ya gajiya ne? Ba ya ciwon kai?"

"In gajiya ce, lambar za ta ɗan sauka, ba za ta rushe haka ba. Na duba ta kowace fuska. Wallahi na nemi hanyar da zan ce ni ce na yi kuskure, ban samu ba."

"Saura 'yan kwanaki a gama aikin nan. Ki rufa masa asiri ya fita da mutuncinsa, baɗi mu hana shi zuwa. Mene ne a ciki?"

"Yara ne a ciki. Duk takardar da ta bi ta hannunsa, makinta sa'a ce kawai. Wani zai rasa shiga jami'a saboda ranar da aka duba tasa Baba ya tsallake shafi."

Yaya ya ajiye ƙarfen da ƙarfi. "Yaran da ba ki san ko fuskarsu ba. Shi kuwa wannan ubanki ne. Shi ya goya ki zuwa asibiti kina numfashi da ƙyar, ni ina biye da takalmanki. Ke kin manta, ni ban manta ba."

Wani mai saye ya leƙo yana tambayar birki, Yaya ya tashi ya bar ta zaune.

Ta yi kwanaki rahoton na buɗe a kwamfuta, ba ta aika ba, ba ta rufe ba. Daraktan hukumar ya leƙo sau biyu yana tambaya, ta ce tana ƙarasawa. Sau ɗaya har ta ɗora yatsa a kan lambar, ta goge biyun, ta zauna tana kallon gurbin. Ba wanda zai sake lissafin a bayanta. Ai dalilin da ya sa aka ɗauke ta ke nan, don a samu wanda za a yarda da shi. Wannan tunanin ne ya sa ta mai da biyun wurinta. Ta yanke shawara ɗaya: Baba ba zai ji daga bakin Darakta ba.

Ranar hutun ƙarshen mako ta same shi a baranda da hantsi, yana shan shayi yana gyara wa jarida nahawu da baki. Ya ga takardu a hannunta ya washe baki.

"Auta mai awo! An auna mu? Nawa muka yi bana?"

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar yadda ta saba. Ta ce bari ta nuna masa yadda abin yake a zane, tunda kullum lamba kawai take kawo masa. Ta miƙa masa takarda ta farko. Kowane ɗigo ɗalibi ne, in ji ta. Makin farko a kwance, na biyu a tsaye. Ɗigogin sun jeru sun haura kamar tururuwa a kan bango.

"Wannan hannu ne mai kyau," ya ce. "Na wa?"

"Naka ne, na bara."

"Ai na sani." Ya yi dariya. Kafin ta shirya bakinta ya zare ta biyun daga hannunta. A nan ɗigogin sun watse ko'ina, kamar an zubar da gero a tsakar gida. Ya gyara tabarau, fuskarsa ta canja. "Subhanallahi. Wannan ai zalunci ne. Wane ne wannan? A teburina yake? Gobe-goben nan a karɓe masa biro, kuma duk abin da ya duba a sake."

Ba haka ta so abin ya zo ba. Ta ji kamar ta haƙa masa rami, alhali ba ta yi niyya ba.

"Baba, naka ne. Na bana."

Ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kawo amsar banza. "Injinki ya samu matsala."

"Na so a ce haka ne."

"Shekara nawa ina wannan aiki? Tun ba a haife ki ba. Yanzu akwatin ƙarfe ne zai gaya min ban san insha'i ba?"

"Ba wanda ya ce ba ka sani ba, Baba."

Ta ciro kwafin takardun nan biyu, mai yabo da mai jan layi, ta ɗora masa a cinya gefe da gefe. Ya ɗauki ta farko ya karanta abin da ya rubuta. Ya ɗauki ta biyu. Ya mai da ido kan ta farko. Shayinsa ya huce, ƙuda ya sauka a bakin kofin, bai kore shi ba.

"Wannan hannuna ne," ya ce a hankali. "Wannan ma hannuna ne." Ya sake duba takardar. "Amma ni ban taɓa ganin takardar yaron nan ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Daga cikin ɗaki ta ji motsin Mama ya tsaya cak.

"Wa kika nuna wa?"

"Kai ne na farko. Amma dole in kai wa Darakta."

"Dole." Ya maimaita kalmar kamar yana duba ko an rubuta ta daidai. Sannan ya tattara takardun ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. "Tashi ki ba ni wuri."

Ta miƙa rahoton. Darakta ya karanta, ya cire hula ya shafa kai, ya ce shi ma Malam Babba ne ya koyar da shi. Aka sanar cewa Malam Babba ya nemi hutu saboda rashin lafiya, aka raba duk takardun da ya duba aka sake yi musu maki, abin da ya sa sakamakon bana ya makara. Amma zauren maki ba ya riƙe sirri. In Auta ta shiga, hira kan mutu. Wani malami ya ce da ƙarfi, don ta ji, wai a yi hattara, mai awo ta iso, ko ubanta ba ta bari ba. Malamar nan tsohuwar ɗalibarsa ta tare ta a matakala, idonta jawur.

"Da kin bar mu. Muna lura da shi, muna gyara abin da muka gani."

"Wanda ba ku gani ba fa?"

Malamar ta wuce ta bar ta.

Asibiti kuwa Mama ce ta shawo kansa, da kuka da lallashi. Likitar ƙwaƙwalwa mace ce mai sanyin murya. Ta faɗa masa sunayen abubuwa uku ta ce ya riƙe, ta sa shi ya zana agogo, ta tambaye shi wata da shekara. Baba ya gyara mata wata kalma da ta faɗa ba daidai ba, har suka yi dariya. Da ta dawo kan abubuwa ukun, ɗaya kawai ya kawo, sannan ya ce ai tambayar ce ba a tsara ta da kyau ba.

A waje Auta ta tsare likitar da tambayoyi. A kan mutum nawa aka gwada wannan gwaji? In an maimaita shi, sakamakon na tsayawa? Ba ya cutar wanda ya firgita, ko wanda bai yi barci ba? Likitar ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Na ga ke ma 'yar gida ce. Za mu sake bayan wasu makonni, mu haɗa da hoton kai. Amma 'yar'uwa, ina jin kin riga kin san amsar." Aka sake. Sakamakon bai canja ba.

Yaya ya daina ɗaga wayarta. In sun haɗu a gidan, yakan amsa gaisuwa da ka, ya juya ya ci gaba da magana da Mama. Shi a ganinsa, da an bar Baba da aikinsa da bai faɗi da sauri haka ba, kuma Auta ba ta da lambar da za ta nuna masa cewa ba gaskiya ba ne. Gaskiyar ita ce tun da ya daina zuwa zauren ya rage magana, ya daina karɓar jarida. Wani lokaci takan zauna a ofis ta tambayi kanta ko da ta jira kwanakin nan kaɗan, sannan ta kai rahoton bayan an tashi, me zai ragu? Ba ta samu amsar da ta kwantar mata da rai ba.

Sakamakon sake makin ya biyo ta teburinta. Yara da yawa makinsu ya motsa. Akwai waɗanda da sun faɗi suka haye, akwai kuma waɗanda da sun haye suka faɗi, su ma ba su san an taɓa ba su abin da aka karɓe ba. Ta yi zaton in ta ga wannan za ta ji sanyi. Ba ta ji ba.

Baba ya daɗe ba ya yi mata magana, sannan wata rana ya soma yi, ba ta kuma san ko yafewa ya yi ko mantawa ba. Ta je da yamma ta same shi a baranda, farcensa ya yi tsawo, ta ɗauko abin yanke farce ta zauna ta kama hannunsa. Ya bar mata hannun.

"Auta, yaran nan," ya ce. "Waɗanda na duba. An gyara musu?"

Ashe wannan bai tafi ba. "An gyara, Baba. An sake duba kowace takarda."

"Ba wanda ya cutu?"

"Kowa ya samu abin da ya rubuta."

"To madalla." Ya jingina da kujera. Ta gama hannun dama ta kama na hagu. Wata mota ta wuce a titi, yaran maƙwabta na ta ihu a kan ƙwallo. Mama ta fito da kofin ruwa da maganinsa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Auta," ya ce, "yaran nan da na duba. An gyara musu kuwa?"

Mama ta yi mata alama da ido, wai ta kawar da zancen. Auta ta hure ɗan farcen da ya maƙale a yatsansa.

"An gyara, Baba. An sake duba kowace takarda."

Sai ga ƙarar hon ɗin motar Yaya a bakin gida. Mama ta ajiye kofin ta tafi buɗe masa, Auta kuwa ta ci gaba da yankan farcen, don saura yatsu biyu.